Sunan Yankan da ke Cikin Ordinatar Ɗangana

Asabar, hantsi

Da sunan Allah. Ni ne Isufu ɗan Muktari, mutumin ƙasar Affala, zaune a Tawa gidan ɗana.

Wagga kaye ta rubutu ɗan nawa Ɗangana ya sawo mini ita bara, wai in rubuta rijiyoyin Adar da sunayen waɗanda sunka gina su, kada in mutu da su. Na ce mishi kaina bai huje ba. Na cusa ta ƙarƙashin katifa. Yau na ɗauko ta. Boko ban sani ba. Ajamin da na tsinta kafin a kai ni kiwo shi ne wanga, wanda ya iya ya karanta, wanda bai iya ba ya huta.

Ba rijiyoyi za ni rubutawa ba.

Mushe Mohamed ya zo, mushe wai malam ne da Faransanci, shugaban su Ɗangana a biro, ofishin dabbobi, mutumin Damagaram. Ya tuɓe takalma ya zauna a tabarma. Ya yi gaisuwa doguwa, ba ta jaje ba, ba kuma ta kullum ba. Daga baya ya ce ordinatar da ke ɗakin yaron, kwamfutar nan, ta sarwishi ce, kayan gwamnati. Yamai sun ce a maida ta, a goge ta, a ba wani.

Na ce, "Wane wani?"

Ya dubi ƙasa.

Na ce mai ita ya tafi rigakafin shanu arewacin Takanamat tun farkon zafi, labarinshi ne dai ba mu ji ba. In ya dawo ya kai muku da hannunshi.

Ya ce, "Allah ya sa, Baba." Ya ba mu zuwa Litinin ta sama.

Lahadi, bayan la'asar

Na je tasha inda motocin arewa ka tsayawa. Ba kowa.

Litinin, da safe

Raƙiya, matar yaron, ta yi mini magana ta bayan zana kafin ta tafi asibiti wurin aiki. Tunda anka kawo ta gidan ga ba ta taɓa fara yi mini magana ba sai gaisuwa.

Ta ce, "Baba, duk hirar da kunka yi ranakun Juma'a tana cikin abin nan. Da muryarka, da tashi, da ta Inna. In sunka goge shi ke nan."

Inna ita ce Delu, matata. Damina biyu ke nan da munka kai ta makwanci.

Na sani. Duk Juma'a bayan masallaci yakan aje abin gabana kamar faranti, ya buɗe shi, ya ce to Baba, wa ya gina rijiyar kaza, iyakar gonar su wane daga ina ta kama. Ina faɗi yana katse ni. Delu tana can tana tankaɗe tana gyara mini zance, ita da ba a tambaya ba.

Na ce ta buɗe ta kwashe mana. Ta ce abin na da kod, ba ya buɗuwa sai an rubuta mishi wata kalma. Na ce ke ba matarshi ba ce? Ta ce ta makara, ta fita.

Talata, azahar

Mun kai shi wurin Hamid mai gyara, bakin kasuwa. Buzu ne, furfura ta fara fito mishi, rawaninshi duk ƙurar injuna. Ina shiga ya ce, "Tsoho, gero ka kawo ko rigima?" Na ce na kawo abin da ya fi ƙarfin mai shan shayi. Ya yi dariya ya ba ni kujera mai ƙafa uku da bulo.

Ya danna abin. Ni na zata haske za ya fito da hoton shanun nan da na saba gani. Baƙi ƙirin, sai wani ɗan akwati a tsakiya da hoton kwaɗo, da wani ɗan tsinke yana ƙyaftawa.

Hamid ya yi mini bayani kamar yana yi ma jaki, na bar shi. Ya ce kulli biyu ne. Na farko na bakin zaure ne, tun abin bai farka ba yake tambaya. Na biyu yana bisa rumbun da maganganun suke ciki. Tsofaffin injuna akan buɗe cikinsu a cire wani ɗan batir mai kama da dala, su manta kullin zauren. Wagga ba ta mantuwa. Ko ya samu dabara ya karya na zauren, na rumbun in an tilasta shi komi ya tafi.

Raƙiya ta rubuta Ɗangana. Ya ƙi. Ta rubuta nata suna. Ya ƙi. Ta rubuta Delu. Abin ya yi wani ɗan kuka ya mutu.

Hamid ya ce haka yake, in an yi kuskure sau uku sai ya kashe kanshi, a sake tayar da shi.

Na ce wagga na'ura da ɗan Adar ne ya ƙera ta. Hamid ya ce shi ma abin da ya gani ke nan.

Talata, kafin magariba

Tasha. Motar Tebaram ta zo da awaki da mata. Wani direba ya gan ni ya kau da kai. Na san ubanshi, na san kakanshi da ya ci bashin iri shekarar fara.

Laraba

Ban fita ba.

Alhamis, bayan asuba

Jiya da la'asar Raƙiya ta faɗa mini. Ashe tun farko ta sani, kunya ta hana ta.

Ta tsuguna can nesa, bakin randa, ta ba ni gefe. Ta ce wata rana ta tambaye shi kod ɗin, ya yi dariya ya ce, "Sunana ne na yanka. Je ki tambayi Baba in kin isa."

Na tashi na shiga ɗaki.

Bari in rubuta wanga don wanda za ya karanta kada ya ce tsoho ya haukace. Uku munka binne kafin shi, ni da Delu. Kowane an yanka rago, maroƙi ya fita ƙofar gida ya ɗaga suna har bayan gari anka ji. Ba wanda ya kai yaye. Da anka haifi na huɗu sai gwaggona ta ce kada a ɗaga. Malam ya raɗa a kunnen yaro, ya raɗa ma rago, ni da na zaɓa na sani, Delu ta sani. Maroƙi anka ba shi goronshi anka ce ya ce Ɗangana. Abin da ke bin gidan in ya zo neman mai suna kada ya samu wanda za ya amsa.

Da sunan Ɗangana ya shiga lakwal, makarantar boko, da shi ya yi takardu, da shi anka ɗaura mishi aure. Malamin ya mutu, gwaggo ta mutu. Delu tana kwance cutar ajali ta ja kunnenshi ta faɗa mishi, na ga bakinta, na fita waje. Ban yi mata faɗa ba don ba lokaci.

Yanzu yana can inda yake, ban san hannun wa ba, ban san ƙarƙashin wane icce ba. Yanzu ne za a ce in ɗaga?

Alhamis, la'asar

Ba za ni faɗa ba.

Juma'a, bayan masallaci

Wanga lokaci ne na hira. Na zauna inda nakan zauna. Na faɗi rijiyoyin gabas da Affala ni kaɗai, daga ta Kaltumi mai ruwan ɗaci har ta bakin dutse. Ba wanda ya katse ni. Na kai ƙarshe da wuri, ashe katsewar ce ke sa ta tsawo.

Liman ya tare ni a ƙofar masallaci ɗazu. Zance ya kai gare shi, ban san ta bakin wa ba. Ya ce, "Malam Isufu, ajali ba ya tambayar suna. Wanga camfi ne."

Na ce na sani, malam.

Ya ce, "To?"

Na ce uku da anka ɗaga suna kwance, ɗaya da anka ɓoye ya yi gemu. Kai ka yi karatu, ni na binne 'ya'ya.

Ya ce Allah ya shirye ni. Na ce amin, da mu duka.

Asabar, hantsi

Jiya Raƙiya ta kai abin wurin Hamid ba da sanina ba. Sun wuni suna gwada sunaye. Sunayen annabawa, na sahabbai, na ranaku. Uku, ya mutu, a tayar. Uku, ya mutu, a tayar. Hamid ya aiko mini da saƙo wai in ji tausayin yatsunshi.

Ba za su same shi ba. Sunan kakan kakana ne, wanda ya fara saran daji inda garinmu yake. Ba a sa irinshi yanzu.

Har wanga da na rubuta ya yi yawa.

Lahadi, da rana

Zafi. Hadari ya taso gabas ya watse.

Wani abu ya same ni da ban gaya ma kowa ba. Na kwanta ina son in ji Delu tana cewa "ba haka ba ne, malam, shekarar ja ce ba ta fara ba." Kalmomin sun zo duka. Muryar ba ta zo ba. Na ji su da tawa murya, kamar ina karanta ma kaina. Na juya, na sake nema. Na san tana da ɗan kaushi in ta tashi barci. Na san hakan kamar yadda na san zurfin rijiya, amma ban ji ba.

Ni da mutane ka zo tun daga Takanamat su tambaye ni iyakar gonar da anka share tun ba a haifi ubansu ba.

Na gwada ta yaron. Tashi tana nan. Tukuna.

Litinin, bayan azahar

Mushe Mohamed ya aiko direba. Na ce ya koma ya ce ban gama ba.

Da azahar ya zo da kanshi. Bai ɗaga murya ba, mutumin kirki ne, shi ya sa ya fi wuyar kora. Ya ce shi ma matsa mishi ake. Ya ce motar sarwishi za ta Yamai ran Asabar, ba ya iya wuce nan.

Da za ya tafi ya tsaya bakin zaure ya ce an kawo babur ɗin da yaron ya tafi da shi, yana jandarmari wurin jami'an tsaro, in muna son gani.

Na ce babur na sarwishi ne, ku riƙe abinku.

Talata

Tasha. Ba kowa.

Mai shayin wurin ya daina karɓar kuɗina. Ban son haka. Gobe can gefen masu taya za ni zama.

Laraba, bayan la'asar

Raƙiya ta dawo daga asibiti ba ta tuɓe farar rigar ba. Ba ta tsaya bayan zana ba, ba ta tsuguna bakin randa ba. Ta zo gabana ta zauna a ƙasa ta dube ni. Ban taɓa ganin idonta sosai ba sai yau. Ashe ƙanana ne.

Ta ce, "Baba, ka yi mini gafara, yau ba kunya."

Na ce faɗi.

Ta ce, "Kai ka ji shi tun yana kuka a zane. Kana da shi shekara da shekaru a kunnenka. Ni damina biyu na samu, rabinsu yana daji. Wayata da ke da saƙonninshi ta faɗa ruwa tun azumi, na ce ba komi, ai yana nan. Jiya wani ya yi sallama a asibiti na ɗauka shi ne, na fito da gudu, ashe ko kama ba su yi ba. Ta fara ɓace mini, Baba."

Na ce in na faɗa wani abu ya same shi fa?

Ta ce, "Ina aiki inda ake mutuwa kullum. Masu suna da marasa suna."

Na ce ke ɗiyar lakwal ce.

Ta ce, "I. Kuma shi ma ɗan lakwal ne, ya san za ka ƙi. Duk kalmomin duniya ya bari ya sa wanga. Kullum da safe sai ya rubuta shi kafin ya fara aiki, ina jin yatsunshi. Mutum ba ya rubuta abu kullum in ba ya son a kira shi da shi."

Na ce tashi ki tuɓe rigar ga, tana warin magani.

Ta tashi. Tuwon dare ya zo da gishiri daidai. Da ta zuba mishi yawa da na fi samun sauƙi.

Alhamis, da safe

Kullum da safe.

Ban san haka ba. Ina nan zaure ina shan kunu, yana ciki yana kiran kanshi.

Alhamis, kafin magariba

Ban je tasha ba. Na je wurin Hamid ni kaɗai. Na tambaye shi ko in zana mishi a ƙasa da ajami ya duba ya share. Ya ce shi ajamin Hausawa ba ya gane shi, kamar kaji sun yi faɗa. Na ce in kawo wanda ya iya? Ya ce to ka ga an zama uku ke nan.

Ya zuba mini shayi. Ya ce, "Tsoho, ni ban san al'adarku ba. Amma abin nan ba ya da kunne. Wanda za ya rubuta shi ne mai kunne. Zaɓi kunnen."

Shayin ya yi sukari da yawa. Na gaya mishi.

Juma'a, bayan la'asar

An yi.

Bayan masallaci munka tafi, ita gaba da abin cikin zane kamar jinjiri, ni baya. Na ce Hamid ya fita. Ya tayar da abin, ya ja ƙofar shagon, ya tsaya waje yana korar masu zuwa cajin waya.

Baƙin allon, ɗan akwatin, tsinken yana ƙyaftawa. Ta ɗora yatsu ta sunkuyar da kai.

Na buɗe baki bai fito ba. Tun ranar suna bai bi ta harshena ba, ko a mafarki. Na yi bisimilla. Na ce Allah kai ka san inda yake, ka riga ni sanin sunan. Ban dube ta ba, bango na duba, inda wayoyi ke rataye. Na faɗa.

Gajere ne ashe. Ina ɗauke da shi kamar buhu.

Ta maimaita a hankali don ta tabbata, sai ta rufe bakinta da hannu, ta tuna sunan miji ne. Ta rubuta. Akwatin ya tafi, wani ya fito, na rumbun. Ta sake rubutawa. Sai ga shanun.

Hamid ya shigo bai tambayi komi ba. Ya kwashe hirarrakin cikin wani ɗan abu kamar ƙwayar goro, ya zuba wasu a sabuwar wayarta. Sannan ya ce sarwishi sun ce a cire kullin duka kafin a kai. Ya shiga wani shuɗin allo mai rubutu da yawa. Ya ce sai an rubuta tsohon sau ɗaya, wurin sabon a bar shi fayau. Ya juya baya, ta rubuta.

Na ce yanzu sunan yana ina?

Ya ce, "Ba ya ciki. Ya fita."

Na ce in ya dawo ya tarar an taɓa mishi abu?

Hamid ya ce, "Ka ce Buzu ne. Ya zo mu yi rigimar, ina jiranshi."

Asabar, hantsi

Direba ya zo ya ɗauka. Na riƙe mishi ƙofa.

Raƙiya ta aje wayar bisa tabarma tsakaninmu, ta koma bakin randa. Ta ce ba ta zaɓa ba, ta farkon da ta samu ce.

Tankaɗe na fara ji. Sai ni, ina faɗin rijiyar bakin dutse, murya kamar ta tsohon bunsuru, ban san haka nake ba. Sai shi.

"Baba, tsaya. Ka faɗi mai gina ta, da ubanshi, da wanda ya ba su igiya. Duk Adar ba wanda ka tsallake sai mutum guda."

Ni: "Wa?"

"Ga shi zaune gabanka."

Ni: "Kashe abin ga in wasa za ka yi."

Sai dariya daga baya, da kaushinta, da ɗan tarin da ke biyo ta. "Bar shi, Ɗangana. Ubanka ko akuya ya ɓoye sai ta tsufa."

Na ce ta maido wurin. Ta maido. Na ce ta sake. Ta sake, har wayar ta yi zafi.

Lahadi

Ba labari. Na zauna zaure ina jiran a yi sallama irin ta masu kawo labarin mutuwa. Mai kanwa kaɗai ya zo.

Litinin, la'asar

Ba labari. Ba mai kyau, ba maras kyau.

An yi ruwan shuka da rana tsaka. Can gida yanzu kowa ya fita da ƙwaryar iri.

Talata, bayan asuba

Na yi ta tunani. Na ɓoye shi don mai nema kada ya ji. To ai ni ma yanzu mai nema ne. Tun da zafi ya fara nake zuwa tasha ina duban fuskoki, ban kira kowa ba.

Da na fito masallaci ban koma gida ba. Na bi hanyar arewa har inda gidaje sunka ƙare, inda laterit, jar hanyar nan, ta miƙe. Ƙasa jiƙe, sawun babura duk ya shafe. Na tsaya na fuskanci Takanamat.

Na ɗaga shi yadda maroƙi ya kamata ya ɗaga shi ranar nan. Da sunan uba, da na kaka.

Wani mai amalanken jaki ya waiwayo, ya ga ba da shi nake ba, ya wuce. Na jira har rana ta fito sosai.

Da na dawo na iske ta bakin ƙofa da kwanon kunu. Ta ce, "Baba, ina ka je?"

Na ce kiran yaro.

Ta shiga ta ƙaro ludayi guda ta aje gefen kwanon.

Nan ban rubuta shi ba. Wanda ke son ji ya zo hanyar arewa da asuba.